Kula da tsofaffin faifan kiɗan rawa a zafin Sakkwato

'Yan'uwa masu tara faifan garmaho na kiɗan house ɗin Chicago da kiɗan techno ɗin Detroit na shekarun 1980, ku kiyayi watan Afrilu. Zafinmu kan haura digiri 40, faifai kuwa lanƙwashewa yake yi, allura ta riƙa tsalle. Kada a bar shi cikin mota ko ɗakin kwano mara silin. A jera su a tsaye. In an jibga su, nauyi na karkatar da na ƙasa.

Ƙas-ƙas ɗin nan da kuke ji ƙurar hunturu ce cikin layukan faifan. A goge da tattausan ƙyalle da tataccen ruwa, a bi zagayen layin. Ruwan rijiya na barin gishiri.

Faifan rimis (waƙar da aka sake haɗa kiɗanta) mai inci 12, duba tambarinsa tukuna kafin ka saita saurin garmaho: wani wajen sau 33 yake juyawa a minti ɗaya, wani sau 45.