Yadda ake haɗa fodkas na hirar rediyon da, daga ƙauye, da waya kawai

Baffana yana da wata tsohuwar rediyo National mai rigar fata, eriyarta ta karye tun ban yi wayo ba aka ɗaura mata sifok ɗin keke, kuma har yau in batir ya yi sanyi sai ya ciro shi ya shanya a rana kan katanga wai ya ƙara ƙarfi. Ranar da na kunna masa fodkas a wayata, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet a saurara duk lokacin da aka so, ya saurara ya saurara, sai ya ce to ai wannan rediyo ne da ba ya wuce mutum. Daga nan ya ɓarke da labarin yadda suke taruwa a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i ana murɗa mita 49 ana laluben Kaduna, ya yi kusan awa guda yana zuba, ni kuwa ina ta cizon yatsa ban ɗauka ba. Abin da ya sa na fara ke nan, ga kuma yadda nake yi ga mai son gwadawa.

Da farko ka cire ran cewa tsofaffin waƙoƙi za ka jera ka ce ka yi shiri. Waƙoƙin suna nan a memorin kowa, kuma suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa 1999 ya rasu, kai yi lissafi da kanka. Banda haka manhajojin da ake ɗora fodkas sukan sauke shirin da aka cusa wa kiɗan wani ba izini. Abin da babu shi a memorin kowa shi ne bakin mutanen da suka saurara, wa ya fara kawo rediyo garinku, nawa ya saya, me aka ce da shi, wane malami ne ya ce akwai aljanu a ciki. Wannan za ka nema.

Sai zaɓen mutum. Ba kowane tsoho ne mai labari ba, wani ka zauna da shi sai e da a'a. Nemi wanda in ya fara magana a majalisa ake yin shiru, tsohon direba, tela, mai gyaran rediyo in garinku akwai, ko wanda ya yi cirani a Kano ko Kaduna. Ka je da kanka ka durƙusa ka gaishe shi, ka riƙe ɗan goro, ka ce Baba so nake in ɗauki muryarka yara su ji, kuma ka gaya masa gaskiya cewa abin zai shiga intanet har na Saudiyya da Kamaru za su iya ji. In ya ce a'a ka haƙura. Ɓangaren mata kuwa kar ka tsallake shi, su ne fa suke yini da rediyo a tsakar gida ana daka ana saƙar hula, sai dai kai namiji ba ko'ina za ka shiga ba, ni ƙanwata na koya wa ita take ɗauko min hirar su Gwaggo, kuma wallahi nata ya fi nawa daɗi don a gabanta ba sa jin nauyi.

Kayan aiki ba wani abu ba ne. Wayarka ta Android, manhajar ɗaukar murya da ta zo da ita, da iyafis don sauraro. Ka cika caji, ka tabbata akwai fili a memori, sannan ka sa ta a yanayin jirgi, wannan kar ka manta, don hirata ta farko kira ne ya shigo daga wani abokina yana tambayar kuɗin taki, ɗaukar ta tsaya ban lura ba, Baffa ya gama labarin ranar da aka ba da sanarwar kashe Murtala kaf, na duba na ga minti 3 kawai aka ɗauka. Da na roƙe shi ya maimaita ya maimaita ɗin, amma ba kamar na farko ba.

Wurin zama shi ne rabin aikin. Ɗakin kwano da siminti yana amsa kuwwa, murya ta riƙa fita kamar daga cikin rijiya. Ɗakin ƙasa mai azara ko zaure mai tabarma ya fi, in akwai buhunan gero a jingine ma ya fi kyau don suna shanye amon. Ka aza wayar kan filo, tazarar kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, gindin wayar wajensa don nan makirfon yake, kar ka riƙe a hannu don duk motsin yatsa sai ya fito. Lokaci kuma ka lura da garinku, injin niƙa yaushe yake tashi, 'yan acaɓa yaushe suke yawa, kar ka fara dab da kiran salla. Ni hantsi ya fi min, in an tafi gona gari ya yi tsit. Kukan zakara ko akuya daga nesa kar ya dame ka, masu saurare daga birni shi suke so ma. Lokacin hunturu dai kar a zauna a waje, iska tana lalata komai.

Yanzu tambaya, nan ne ake faɗuwa. In ka ce Baba yaya rediyo take a da, zai ce ai da daɗi, shi ke nan. Ka kama masa rana guda. Ina kake lokacin da labarin Sardauna ya iso a Janairun 1966, a rediyon wa kuka ji? Da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 yaya aka yi muku bayani? Ranar da aka ce an ba mu Jihar Jigawa a 1991 fa? Ka tambaye shi Zaɓi Sonka, ko ya taɓa aika kati aka karanto sunansa, wa ya gaisar, yaya ya ji. Ka tambaye shi Samanja, za ka ga ya fara kwaikwayon muryar da kansa yana dariya, to wannan dariyar ita ce shirin. In ya yi shiru kar ka yi saurin cike gurbin, tunani yake, abin da zai biyo baya yakan fi na gaba. Kai ma ka rage 'ƙwarai' da 'haka ne', gyaɗa kai ya isa.

Tsofaffi sukan haɗa shekaru, ba laifinsu ba ne, kuma ba a gyara wa babba magana a gabansa. In ka zo gabatarwa sai ka faɗi daidai cikin ladabi: BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna 1962, Muryar Amurka 1979, Freedom ta Kano kuwa sai 2003, jiya-jiya ke nan a wurinsu.

Gyara ba wuya. Da manhajar Lexis Audio Editor a waya ko Audacity in kana da kwamfuta, ka yanke tari da gaisuwar wanda ya yi sallama a tsakiya, ka yanke duk inda aka kama sunan wani da sharri ko aka tono rigimar gona, don gari ƙarami ne kuma kai za a zo wa. Ka sa gabatarwa ta minti ɗaya da muryarka, ta yadda kake magana, ba sai ka maƙale murya kamar mai karanta labaran duniya ba. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar, doguwar hira ka raba ta biyu. Ka fitar da shi MP3 a 64 kbps, minti 20 bai kai MB 10 ba, mutane za su iya saukewa ba tare da sun zage ka kan data ba.

Ɗorawa kuma Spotify for Creators kyauta ne, ka buɗe da imel, ka sa suna da hoto, ni hoton rediyon Baffa na sa. In netwok ɗin garinku irin namu ne sai ka tara shiri biyu uku ka ɗora ranar da ka shiga kasuwa, ni sai Lahadi in na je kasuwar Gujungu. Amma gaskiya yawancin masu saurarena ba ta can suke ji ba, WhatsApp ne da Facebook, sai kuma masu shagon caji da nake ba wa suna tura wa mutane a memori, tunda dattawa da yawa yanzu rediyo mai cin memori suke ratayawa. Ka ajiye asalin ɗaukar da ba a yanke ba wuri biyu, ɗaya a memori daban ɗaya a Google Drive, waya tana faɗawa ruwa.

Kafin kowa ya ji, ka koma wurin mai muryar ka kunna masa. Baffa sau uku ya sa na maimaita masa nasa, ya ce in cire inda ya faɗi kuɗin da ya ranta ya sayi rediyon, sannan ya aika a kira masa abokinsa tsohon tela wai shi ma yana da nasa labarin, Alhamis mai zuwa da hantsi za mu zauna.