Yadda nake shirya baka da kibiya kafin lokacin farauta

Saura wata biyu a buɗe farauta nake sauko da bakana. Tsirkiya nake fara dubawa, in bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Idan ta yi gashi-gashi, sai in goga mata kaki, in murza har ya shige. In kuwa zare ɗaya ya tsinke, sauya ta nake yi da wuri, domin sabuwar tsirkiya sai ta ɗan miƙe kafin ta zauna.

Kibiya kuma, ɗan lanƙwasa kowace ɗaya kusa da kunnenka. Da ka ji ƙaras, yar da ita. Mai tsaga tana iya fashewa a hannunka lokacin saki.

Na taɓa yin makonni ina gwaji da tsini mara kaifi. Da na ɗaura tsinin farauta mai faɗi da kaifi, kibiyar ta kauce kusan taƙi guda. Tun daga ranar, da shi nake gwaji, sannan in wasa shi.

Fara daga mita 10, ka matsa zuwa 20, sannan 30. Kibiya goma a natse kullum ta fi hamsin a rana ɗaya. Sa kayan da za ka shiga daji da su, ka tabbatar hannun riga ba ya taɓa tsirkiya. Gwada harbi a durƙushe da a zaune. Nisan da kibiyoyinka ke taruwa a faɗin tafin hannu, nan ka tsaya. Dabbar da ta wuce nan, ni barinta nake yi, don ba na son in raunata ta ta ɓace a daji.