In za ka leƙa Sensoji a Tokiyo, ga yadda za ka yi

Duk wanda Allah ya kai shi Tokiyo, babban birnin Japan, ina ba shi shawara ya je Asakusa ya ga Sensoji, shi ne gidan ibadar 'yan addinin Buddha mafi daɗewa a birnin, kuma shiga kyauta ne. Ka hau jirgin ƙasa layin Ginza ka sauka tashar Asakusa, tafiya kaɗan ce a ƙafa. Amma don Allah ka yi sammako, babban zauren ƙarfe 6 na safe ake buɗewa, daga Oktoba zuwa Maris kuma 6:30, in ka bari hantsi ya yi wallahi ko wurin sa ƙafa sai ka sha wuya.

Ƙofar farko Kaminarimon ce, mai wata ƙatuwar jar fitila a rataye. Daga nan sai ka bi Nakamise, layin shaguna kamar mita 250, in ka sayi abin taɓawa ka tsaya gefen shagon ka cinye, ba sa son ana tafe ana ci.

Wadda suke bauta wa a nan sunanta Kannon, a wurinsu ita ce mai jin ƙan duk wanda ke cikin wahala, a Sin kuma Guanyin ake ce mata. Su dai labarinsu shi ne a shekarar 628 wasu masunta biyu 'yan'uwan juna suka jefa taru a kogin Sumida sai ga ɗan gunkinta ya fito, suka mayar ruwa ya sake dawowa, shi ne aka gina mata wurin a 645. To kar ka je kana raba ido wai sai ka ga gunkin, a ɓoye yake ba a nuna wa kowa. Shi kansa zauren ya ƙone a harin jiragen yaƙi na 1945, aka sake ginawa a 1958.

A gaban zauren za ka ga mutane sun kewaye wata babbar tukunyar turare suna janyo hayaƙin da hannu zuwa kansu ko inda ke musu ciwo, a ciki kuma su jefa sulalla a akwati su haɗa tafi su sunkuya shiru. Kai Musulmi ko Kirista ba wanda zai ce sai ka yi, ka koma gefe ka kalla kawai, ka rage murya, kar ka tare wa masu ibada hanya, kuma kafin ka ɗaga waya ka duba ko akwai alamar hana hoto. In lokacin salla ya kama ka akwai masallaci a unguwar, da gidajen abinci na halal, sa a taswirar wayarka tun kafin ka fito.