Robar da ake saka wa jiki tana da wa'adinta

Mu nan Maraɗi komai roba muke ce masa: safar hannun likita roba, sirinji roba, bututun fitsari roba. Alhali kowanne da irin sinadarinsa da kwanakin da zai iya yi a jiki, kuma rashin sanin haka na jefa mutane cikin wahala.

Wanda ya fi damuna shi ne zaren ɗinki. Mutum ya ji an ce akwai mai narkewa, sai ya ɗauka duk haka suke. Zaren da ake kira Vicryl kan narke cikin kwana 56 zuwa 70, ruwan jiki ne ke cinye shi sannu a hankali. Zaren nailan da wanda ake kira Prolene kuwa ba sa narkewa. Wani dattijo ya zo wurinmu wata biyu bayan an ɗinke masa ƙwauri, baƙin zaren ya nutse cikin fata, gefen ya kumbura yana fitar da mugunya. Na ce, "Baba, me ya hana ka dawowa?" Ya ce, "Ɗiyata, ai na ce zai narke." Kafin ka bar asibiti, tambayi likita: na cirewa ne, kuma yaushe? Na fuska wajen kwana 5 ne, na sauran jiki kwana 7 zuwa 14.

Sai bututun fitsari. Mai ruwan ɗorawa, na robar da ake kira latex, bai kamata ya wuce mako 4 ba; na silikon kan kai mako 12. In ya daɗe, ƙwayoyin cuta kan yi masa yauƙi, gishirin fitsari ya toshe shi. Jakar tara fitsarin kuma ta zauna ƙasa da mara, kada a ɗora ta kan gado, don fitsarin zai koma baya. Masu jinyar matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari, a asibitin Danja ko wani wuri, don Allah ku kula da wannan.

Sirinji sau ɗaya ake amfani da shi. Tafasa shi a tukunya ba ya tabbatar da tsabtarsa, kuma ta nan ciwon hanta nau'in B ke yaɗuwa.

Zafinmu ma na da tasa illar: a watan Afrilu, in ma'auni ya haura 40, safar hannun da ta kwana biyu a shagon kwano takan yi rauni ta yage. A ajiye ta a inuwa, a duba kwanan watan ƙarewar wa'adinta, in ledarta ta huje a jefar.

Masu ashanar tazarar haihuwa a damtse, Implanon shekara 3 ne, Jadelle 5. Ku rubuta ranar cirewa a katin asibiti.