Wane irin kwafin databes ya kamata ka kafa don kada sabis ya tsaya?

Kafin ka taɓa wani saiti, ka zauna da oga ku amsa tambaya biyu: in babbar saba, wato kwamfutar da take riƙe da databes ɗin, ta mutu yanzun nan, bayanan sakan nawa za ku iya haƙura da su, sannan minti nawa za ku iya zama a kashe? Kowa cewa yake "ko ɗaya", to amma fa ko ɗayan nan tsada gare shi. Alƙawarin sabis zai kasance a kunne kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana nufin kusan awa 8 da minti 45 a kashe cikin shekara, 99.99 kuwa minti 52 ne da ɗan ɗoriya.

Bari mu ɗauki manhajar databes ta PostgreSQL. Tun fitowar 9.0 a 2010 babbar saba tana iya tura WAL, wato littafin da take rubuta duk wani canji, kai tsaye zuwa saba ta biyu. A tsarin da yake zuwa da shi babbar ba ta jira, tana rubutawa ta ce wa manhaja an gama, kwafin ya biyo baya. Yana da sauri kuma ya ishi yawancin shafuka, matsalar kawai in ta faɗi a daidai lokacin, abin da bai ƙarasa ba ya tafi ke nan.

In harkar kuɗi ce, sai ka koma tsarin jira da ya zo a 9.1, inda ba a cewa an gama sai ta biyu ta amsa. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami wallahi, sai su kafa saba biyu kacal su kunna jira, ranar da ta biyun ta mutu babbar lafiyarta ƙalau amma duk rubutu ya maƙale tana jiran amsar da ba za ta zo ba, ka ga maganin ya zama ciwo. Uku za ka kafa, babba da kwafi biyu (s1 da s2), ka saka synchronous_standby_names = 'ANY 1 (s1, s2)', duk wadda ta fara amsawa ya wadatar. Wannan ANY ɗin daga fitowa ta 10 ya fara. Kuma ka lura da nisa, in ɗaya tana Legas ɗaya tana Turai kowane rubutu sai ya jira wajen milisakan 100, don haka masu jira su kasance kusa amma ba a wuta ɗaya ko ɗaki ɗaya ba, ta nesa kuma ka bar ta a mara jira.

Sai batun wa zai hau kujera in babba ta faɗi. PostgreSQL ba ya yin wannan da kansa, mutane Patroni suke ɗorawa, manhajar da take naɗa sabon shugaba, tare da etcd mai riƙe bayanin wa ke kan kujera, shi ma etcd ɗin uku ko biyar ake kafawa saboda a samu rinjaye. In ba haka ba layi na yankewa kowace saba za ta ɗauka ita ce shugaba. A Oktoban 2018 layin GitHub, shafin da ake ajiye lambobin manhaja, ya yanke na sakan 43 kawai, tsarin databes ɗinsu na MySQL ya naɗa sabon shugaba a wani ɓangaren Amurka alhali tsohon yana riƙe da rubutun da bai tura ba, sai da suka kwashe sama da awa 24 suna gyara.

Kar kuma ka ɗauka kwafi ajiya ce. Wani ya goge tebur bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido sauran ma sun goge. Ka haɗa da manhajar ajiya ta pgBackRest ko makamanciyarta kana adana WAL a wani wuri daban, ka riƙa leƙa pg_stat_replication, inda PostgreSQL yake nuna halin da kwafi suke ciki, don ganin ko wata ta yi baya, sannan ka zaɓi wata rana da tsakar rana kowa yana ofis, ka kashe babbar da hannunka ka duba agogo ka ga minti nawa za a ɗauka kafin wata ta hau.