Yadda Ake Ɗaura Ɗamarar Karate Ranar Gwaji

Tun kafin ka kai naushi ɗaya, malami ya riga ya kalli ƙugunka. Ɗamarar nan, obi, ita ke nuna matakinka. Daga judo aka aro tsarin, kuma a 1924 Gichin Funakoshi, malamin da ya yaɗa karate a Japan, ya fara ba ɗalibansa matakin baƙar ɗamara.

1. Sa rigarka, ɓangaren hagu a kan na dama. Kada ka juya, don a Japan mamaci ake yi wa dama kan hagu.

2. Ninka ɗamarar biyu ka gano tsakiyarta, ka ɗora ƙasa da cibiya kaɗan.

3. Kai bakunan biyu baya, su gitta juna, ka dawo da su gaba. Shafa bayanka ka tabbata ba ta murɗe ba.

4. Ɗora bakin hagu kan na dama, ka cusa shi ta ƙarƙashin duka zagayen biyu ya fito sama. Nan sababbin shiga ke yawan kuskure: sai su kama zagaye ɗaya kawai, ana tsakiyar kata, wato jerin motsin karate da ake haddacewa, ɗamara ta zame, hankali ya rabu biyu. A ganina wannan matakin ya fi sauran buƙatar maimaici a gida.

5. Wanda ya fito sama, ɗora shi kan na ƙasa, zura shi ta cikin kafar da ke tsakaninsu, ka ja hagu da dama da ƙarfi, ba sama da ƙasa ba.

6. Duba bakunan, su zo daidai. In ɗaya ya fi tsawo, kwance ka sake.