Yadda za a tare leda tun daga kwata kafin ta kai teku

A Kaduna na girma, sai da na haura shekara 30 na fara ganin teku, a Legas. Abin da igiyar ruwa ta fara jefo mini a ƙafa ledar fiya wata ce, kuma ta yiwu ma tamu ce. Kwatar layinmu a Kogin Kaduna take zuba, shi ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara Tekun Atlantika. Daga tekun nan kuwa iska ke ɗauko mana hadarin damina. Shi ya aiko mana ruwan shuka, mu mu mayar masa da shara? Abin ya tsaya mini a rai. Tun daga shekarar nake tara maƙwabta muna yasar kwata.

A yi aikin kafin ruwan farko, wajen Afrilu, domin wannan ruwan ne ke kwashe duk abin da rani ya tara. Fara da mai unguwa, sannan ka roƙi liman ya yi sanarwa bayan Asuba. Idan kai kaɗai ka kira mutane, biyu za ka gani.

Kayan aiki ba su da yawa: shebur, manjagara, baro, tsofaffin buhuna, safar hannu da takalmin roba. Kada yaro ya shiga ba takalmi, akwai kwalba da ƙusa a ƙarƙashin taɓon.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan an yashe. Sai a jibge dattin a bakin kwata a tafi, a ce sai ya bushe. Ruwa ɗaya zai mayar da shi inda ya fito, wahalar ta tashi a banza. A kwashe shi a ranar, ko da za a yi karo-karo a ɗauko mai kura. Gorunan roba da gwangwani a ware su a buhu daban, 'yan jari-bola suna saye a kilo, kuɗin ya rage na mai kurar. Leda kuma kada a cinna mata wuta. Hayaƙinta yana shaƙe yara da tsofaffi, balle mai asma. A ɗaure ta a buhu a kai inda motar shara ke ɗiba.

A gida na rataye buhu ɗaya a bayan ƙofar kicin, duk wanda ya sha ruwa nan zai jefa ledar. Cefane kuma da jaka nake zuwa. Mai tumatir ɗina yanzu ko miƙo mini baƙar leda ba ya yi.